Rawar Sitiyari a Hanyar Darwin

Sai gudu ya wuce ɗari da goma motar take fara rawa. Ƙasa da haka lafiyarta lau, ko kofin shayi ka ɗora mata ba zai zube ba. Amma da allurar ma'aunin gudu ta haura haka, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannun Warren Pike har haƙoransa na haɗuwa.

Jar mota ce mai kujera biyu, ƙirjinta kusa da ƙasa, wadda ya ƙarar da rabin rayuwarsa wajen gogewa. Matarsa ba ta taɓa tuƙa ta ba. Ɗansa ya taɓa zama a kujerar direba, inji a kashe, har yau ana yi masa gori. Amma 'yarsa Tegan ta ce a wannan motar take so ubanta ya kai ta coci ranar aurenta, Asabar, a garin Darwin, shi kuwa Warren abin da Tegan ta faɗa ya zauna. Ga doguwar hanya a gabansa, ga mota tana makyarkyata. Tsoro ya kama shi sosai, don in taya ta fice a wannan daji, an rasa motar amarya, an rasa uban amarya.

Arewa da garin Tennant Creek ya hango gareji a bakin titi, ƙofa a wangale kamar yadda ake barin ta da rana tsaka. Wani mutum mai rigar aiki ruwan lemo yana tsugune a inuwa yana shan ruwa. A wannan yanki ba a tambayar mutum sunansa, balle sana'arsa. In ka ga riga ruwan lemo kusa da gareji, magana ta ƙare.

Mutumin ya miƙe a hankali, ya zagaya motar yana kallonta kamar mai azumi a gaban tukunya.

"A hannu kake jin rawar, ko a mazaunai?"

"A hannu."

"In ka taka birki tana ƙaruwa?"

"A'a."

"In ka cire giya, ka sa ta a firi tana gudu fa?"

"Tana nan."

"To ba inji ba ne, ba birki ba ne. Gaba ne, mutumina. Kwantar da hankalinka, kar ka haihu a nan."

Ya ɗauki ɗan lokaci yana neman jak, ya buɗe wannan akwati, ya rufe wancan, kafin ya same shi a bayan ƙofa. Ya ɗaga gaban motar, ya girgiza taya sama da ƙasa, ya juya ta yana saurare. Boris ɗin da tayar ke juyawa a kai lafiya lau. Sai ya zura hannu ta cikin rim ɗin tayar, ya ɓanɓaro jar laka busasshiya, guntu kamar rabin burodi.

"Ka bi hanyar da ba kwalta?"

Warren ya amsa cewa ya ɗan ratse jiya, bayan ruwan sama.

"Ɗan ratse! Ai ka kwaso rabin ƙasar nan a taya ɗaya. Laka ta yi nauyi a gefe guda, dole ta yi maka rawa."

Ya kankare tayoyin duka huɗu da hannunsa, ya ɗaure notuna tsaf, yana yi yana ɗan duban titi. Warren ya ji ƙaunar mutumin ta shige shi. Ya ga makanikai da yawa, amma bai taɓa ganin wanda yake taɓa mota da tausayi haka ba.

"Saura gwaji," in ji mutumin. "Tanki fa?"

"A cike yake fal."

"Madalla. Nauyin mai yana canza lissafi."

Ya fito da wayar Warren daga cikin mota ya miƙa masa, ya ce ƙararta tana ruɗa kunne. Ya fito da kwat ɗin biki a ledarsa, ya rataye a ƙusa da ladabi, har da kaɗe masa ƙura. Sannan ya buɗe tafin hannu.

Warren ya ƙanƙame makulli. "Ni zan tuƙa, ka zauna a gefe."

"Mai mota ba ya jin gaskiyar motarsa, maigida. In ma mu biyu ne, nauyi ya ɓata gwajin. Ko ka fi so ta tashi da rawarta amarya na ciki?"

Nan ya kama shi. Warren ya tuna Tegan cikin farar riga, ya saki abin da bai taɓa sakar wa matarsa ba.

Motar ta hau kwalta, ta miƙe kudu. Warren ya saurari giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya, sumul, babu gargada, har jan ɗigon ya narke cikin hucin rana. Daɗi ya cika shi. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana shirya irin yabon da zai yi.

Inuwa ta matsa, ya matsa da ita. Ta sake matsawa. Gwaji mai kyau ba ya son gaggawa, haka ya gaya wa kansa.

Can sai ga wata dattijuwa ta tsallako titi daga gidan abinci, hannunta duk tabon baƙin mai, tana ƙarasa cin fankason namanta. A ƙirjin rigarta an rubuta Noelene, sunan da ke jikin allon garejin.

"Me za a gyara maka, ɗan'uwa?"

"Ai an gama," in ji Warren. "Makanikenki ya fita gwaji. Ki riƙe shi da kyau, wallahi ya san mota."

Noelene ta dubi inuwar da babu kowa, ta dubi titi, ta haɗiye lomarta ba tare da sauri ba.

"Sanin mota kam ya sani," ta ce. "Fursuna ne, gidan yari ke aro min shi yana share fili, kuma satar motoci ce ta kai shi ciki."