Baturen Gyaɗa a Soronmu

Ina 'yar shekara tara a Isa, wata azahar ta bazara aka shigo da Baturen gyaɗa soronmu ranga-ranga. Zafi ne ya sumar da shi a ɗakinsa mai rufin kwano. Shi ne a da ya ƙi bai wa Baba, wanda magini ne, aikin ginin masaukinsa, wai laka ta ƙauyawa ce.

Baba ya ce da ni, "Hajo, yayyafa ruwa ga yashi." Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan.

Can Bature ya farfaɗo, ya shafa bangonmu mai kauri, ya sa tafintansa ya tambaya wane inji ke sanyaya ɗakin.

Baba ya ɗaga tafukansa biyu. "Gaya mishi, ga su nan."

Na rangaɗa guɗa tun ban iya ba. Ko yanzu da na tsufa, in na tuna sai na gyara zama don alfahari.