Ranar da Aka Kori Mai Horarwa

"Baba, yau dai sun kori mai horar da ƙungiyarmu," in ji ɗansa ta waya daga Amurka, murya fal murna.

Tsohon ya ajiye fartanya a lambunsa na Jiratawa. Bai taɓa kallon wasan ƙwallon Amurkawa mai siffar ƙwai ba, amma ya haddace laifuffukan mutumin: ba ya sauya dabara, yana zaunar da gwanaye a benci.

"Da sun ƙara yi mashi haƙuri," ya ce.

"Haƙuri, Baba? Wanda za su kawo ba ya shan kashi."

Tsohon ya sake ɗaukar fartanyarsa. Shekara da shekaru, yaron ba ya kiransa sai ranar da aka ci ƙungiyarsa.