Sauke Kwano

Tun shekarar da guguwar teku ta gane hanyar Arewa, aka daina buga wa kwano ƙusa. Da igiya ake ɗaure rufi, don a sauke shi kafin iska ta tafi da shi.

Malam Barau ne ke duba hoton tauraron ɗan'adam a wayarsa, ba wanda ya sa shi. Bana ya sha sa unguwa sauke rufi, guguwa ta kauce, mutane su wuni a rana suna zaginsa. Yau da hantsi farin curin guguwar ya sake bayyana a hoton, yana juyawa, ya doshi garinsu.

"Malam, ka yi shiru," in ji matarsa Kande. "Ko a gidan suna an daina amsa gaisuwata."

"Ban ce da kowa komai ba."

Ya jingina tsani, ya hau da ƙyar, ya fara kwance igiya. Maƙwabcinsa Talle ya leƙo ta katanga.

"Kai tsohon nan, ba ka gajiya?"

"Na gaji tun bara."

Talle ya daɗe yana duban sama, ko gajimare babu. Ya ja tsaki.

"In ka gama, miƙo min tsanin."