Haɓar Umma

Likita ta juyo min da hoton cikina, ta nuna ƙananan ƙullutai a ma'ajiyar ƙwan haihuwa.

"Shi ya sa al'adarki ke tsallake watanni. Yakan bi jini. Akwai mai irinsa a gidanku?"

"Babu," na ce. Ban ji komai ba. Shekara shida da aure ba ciki, kukan ya riga ya ƙare.

Umma, da ta rako ni, ta bari sai da muka shiga mota, sannan ta sassauta mayafinta, ta ɗora hannuna a haɓarta. Kaushin aski na ji, irin wanda nake ɓoyewa kullum.

"Shekara tara na yi kafin na same ki," ta ce. "Tada motar."