Injin Markaɗen Tanimu

Tun da aka kafa dokar gwaji, ba injin da ke tashi sai manhajar gwaji ta lamunce masa. Tun hantsi Tanimu mai markaɗe ke fama da saka sabuwar manhajar a wayarsa. Ta ce a fara sauke wata, waccan ma ta ce sai wata.

Inna Tabawa mai ƙosai ta dangwarar da bokitin wakenta.

"Tanimu, wakena ya fara tsami! Me zan soya wa mutane?"

"Inna, manhaja biyar na saka, wallahi! Saura ɗaya."

Wayar ta ce, "Sharaɗi na ƙarshe: mai inji ya ce ya gamsu."

"Na gamsu!" Tanimu ya daka mata tsawa.

"An ji fushi a muryarka. Sake faɗa."

Sau huɗu yana faɗa, jijiyar wuyansa na tashi. Daga ƙarshe ya ƙaƙaro murmushi, ya faɗa a hankali kamar mai lallashin jariri.

Inji ya tashi.

Inna ta shinshina waken, ta sheƙar da shi a kwata.

"Ni kuma fa? Ba wanda zai tambaye ni ko na gamsu?"