Dinarin Tarabulus

Baba, yau na fita da dinarinka, karo na farko tun da muka kai ka makwancinka.

Kawu ne ya matsa. Ya ce ba za a raba gado ba sai an san kimar komai, kuma a gaban mutane ya ce tagulla ka tsinto, labaran yaƙinka ma duk iska ne. Inna Yagana tana takaba. Ta kwance dinarin daga bakin zaninta, ta ce, "Je ka a gwada, ka rufe masa baki."

Daga Fagge har Sabon Gari muryarka nake ji: yadda ka tono shi a kufan Rumawa bayan Tarabulus kana haƙa ramin ɓuya, yadda bakin bindiga ya ƙona maka yatsu. Kai da ba ka taɓa yarda mu bi ta layin maƙera ba, yau ga ni a cikinsa.

Uchenna ne mai gwajin zinariya, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Na ce masa gadon mahaifina ne. Ya juya dinarin: kan sarki da rawanin ganye, da baƙaƙen boko waɗanda nake iya haɗawa amma ban san me suke faɗa ba. Sai dai fuskata ya fi kallo.

Ya goga shi a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji. Zanen bai goge ba. Na saki numfashi.

"Kada ka yi murna tukuna, samari. Fatarsa kawai muka gani."

Ya ɗora a sikeli, ya sauke, ya sake ɗorawa. Ya buga shi a maƙera, ƙarar ta mutu nan take.

"In na gaske ne, Turawan filin jirgi za su yi rububinsa, kuma yanka zai ɓata shi. In yanka?"

Dariyar Kawu ta faɗo mini. Na ce ya yanka.

Magagari ya ci gefen kaɗan. Ƙarƙashin rawayar, toka-toka. Darma.

Na ce to lallai cutar ka aka yi, wani ya musanya maka a jirgin ruwa. Uchenna ya cire tabarau.

"Ɗan Ari ne kai, ko? Wannan hancin ba ya ɓuya. Allah ya jiƙansa. Na gasken na wani Kwara ne, Balaraben Sham mai kanti, ya kawo mana mu sa masa maratayi, ubanka ya danna shi a yumɓu ya ɗauki siffarsa kafin ya mayar. Hannu gare shi, wallahi! Sulallan da ya zuba ma banki karɓa yake yi."

Na ce a ina, yaushe, mutumin da ke bakin daga? Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya gaya mini.

A gida na tarar da Inna kan tabarma, carbi a hannu, idonta a ƙofa. Na ce maƙerin ya ce in koma gobe.

Baba, ban gaya wa kowa ba tukuna cewa shekarun da muke sadaka Allah ya kare ka a Tarabulus, kana Jos, ɗaki ɗaya da Uchenna, a kurkuku.