Kwamfutar Inna Marka a Cikin Kabad

Kai da kake cewa sai ranar da aka kira ka aiki za ka zauna ka koyi abin sosai, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari na ƙasar Zazzau an yi wata mai tuyar ƙuli-ƙuli, ana ce mata Inna Marka. Da 'yarta Bara'atu ta samu shiga babbar makaranta karatun kwamfuta, uwar ta rantse ba za a bar ɗiyarta a baya ba. Ta sayar da bijimin da ta daɗe tana kiwo, ta aika Kano aka sayo kwamfutar tafi-da-gidanka sabuwa fil a kwalinta. Burinta ɗaya ne a duniya, ta ga yarinyar nan ta kama aiki a ofis, ta tsira daga hayaƙin murhu.

To, sai dai Inna Marka tattalinta ya wuce gona da iri. A wurinta abu mai tsada na kallo ne, ba na taɓawa ba. Kwanukan jerenta tun na aure suna nan a kabad, ko ruwa bai taɓa shiga cikinsu ba. Da kwamfuta ta iso, ta juya ta, ta shinshina, ta tuna da bijiminta, sai ta naɗe ta da sabon zane ta cusa tsakanin kwalla da tangaran, ta kulle, ta ɗaure makullin a haɓar zaninta. Bara'atu ta ce, "Inna, ai don a danna aka yi ta." Uwar ta ce, "Ke da ko ludayi ba ya shekara a hannunki? Bari sai ranar neman aiki, ki fita da abarki sabuwa, a san daga gidan mutunci kika fito." Sai ranar Sallah ake fito da ita, a kunna, baƙi su ga haske su ce tubarkalla, a kashe a mayar.

A makaranta kuwa na'urorin ba su taka kara sun karya ba, ɗalibai ga su nan dafifi, kafin layi ya zo kan Bara'atu an ɗauke wuta. Haka ta yi ta karatun kwamfuta a takarda, ta haddace komai tsaf. Ta kuma fita da sakamako mai kyau, don jarrabawar ma a takarda ake yi.

Ana nan sai wani kamfani a Kaduna ya kira masu neman aiki, ya ce kowa ya zo da kwamfutarsa a gwada shi. Inna Marka ta ce ƙafarta ƙafar kwamfuta. A mota ita ta rungume ta, duk ramin da aka faɗa sai ta yi salati ta harari direba. Da suka isa ta samu benci a baranda, inda take hango ɗakin gwajin ta taga. Kusa da Bara'atu wata siririyar yarinya ta zauna da tata kwamfutar, murfi a tsage an ɗaure da roba, haruffan maɓallai duk sun goge. Inna Marka ta girgiza kai don tausayi, a ranta ta ce hala marainiya ce.

Aka ce kowa ya haɗa da intanet ya fara. Ita kuwa kwamfutar Bara'atu tun da ta baro inda aka ƙera ta ba ta taɓa jin ƙanshin intanet ba. Tana samu sai ta shiga jawo duk gyare-gyaren da suka wuce ta shekara da shekaru, ta rubuta a fuskarta cewa a jira, kada a kuskura a kashe ta. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa, gumi ya yi ta karyo wa Bara'atu. Ma'aikatan kamfanin suka taru a kanta suna leƙe suna riƙe baki. Inna Marka na hangowa ta gyara ɗaurin kallabi, ta taɓa matar da ke gefenta ta ce, "Kin ga waccan da aka yi wa cincirindo? Tamu ce." Kafin na'urar ta gama shagalinta lokaci ya kusa ƙarewa. Amsar gwajin tana cikin kan Bara'atu daram, amma yatsunta ba su san hanya ba, ta riƙa neman haruffa ɗaya-ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Aka ce a tsaya. Sunan da aka kira a ba aikin na mai robar nan ne.

A waje Bara'atu ta yi wa uwarta bayani tana share hawaye. Inna Marka ta ce, "Wato ramuwa ta tsaya yi, irin ta mai rama azumi ana gobe a ga wata?" Ta so ta zagi na'urar, amma ta fasa, don ta san mai laifin. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai: saboda wannan rana ta rabu da bijiminta, kuma da hannunta ta ɓata ranar. A motar komawa ta ɗora wa 'yarta kwamfutar a cinya ta ce, "Danna ta. In za ta mutu, ta mutu a bakin aiki."

Bara'atu ta danna ta kuwa, har fenti ya tashi, kuma daga baya wani kamfanin ya ɗauke ta kula da na'urorinsa. Amma wancan aiki na Kaduna ya tafi ke nan, kuka bai dawo da shi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.